Yaƙi, Taragu da Kawunan Jirgi: Tambayoyi da Amsoshi kan Cunkoson Kaya a Layin Dogo

Tun da aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maradi a watan Fabrairun 2021, hirar jirgin ƙasa ta shiga fadar samari da rumfunan kasuwa a nan Maradi. Yawancin hirar a kan ƙarfen da za a shimfiɗa take tsayawa, sai kuma ranar da za a fara jin kukan jirgi. Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke tsayar da jirgi alhali dogo na nan lafiya lau, kuma ba inda ake ganin wannan ƙarara kamar lokacin yaƙi. Ga tambayoyin da 'yan kasuwa, direbobi da ɗalibai suka fi yi mini.

Malam, mu da ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa a Maradi ba, me ya haɗa mu da cunkoson taragu na zamanin yaƙi?

Gyaɗa ce ta haɗa mu, ɗan'uwa. Dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, kuma daga nan ne noman gyaɗa don sayarwa ya bazu a ƙasar Hausa. Daga baya aka ja reshe daga Zariya zuwa Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, wani kuma daga Kano zuwa Nguru a 1930. Maradi na hannun Faransa a lokacin, amma hanyar teku mafi kusa da ita ta ƙasar Ingilishi ce ta bi. Gyaɗar da kakanninmu suka noma a Katsinar Maradi da Gobir da Tasawa, kamfanonin Nasara irin su CFAO da SCOA suka auna a sikeli, da raƙuma da jakuna da manyan motoci aka riƙa kai ta Kano, jirgi ya kwashe ta mil 700 zuwa Legas. Saboda haka duk ranar da kan jirgi ya yi ƙaranci a Zariya ko Jebba, manomin Madarunfa yana ji a jikinsa ko da bai san sunan garuruwan ba.

Cunkoso a dogo ba ƙarancin taragu ba ne kawai? In an ƙaro taragu ai magana ta ƙare.

Wannan ita ce fahimtar da ta fi ɓatar da hukumomi a yaƙe-yaƙe biyun duniya. Amfanin tarago yana cikin zuwa da dawowa. A loda shi, a ja shi, a sauke kayan, a maido shi wurin lodi. A ƙaddara kana da taragu 1,000 kuma kowane yana zagayowa cikin kwana 10. In jinkirin sauke kaya ya mai da zagayen kwana 20, to aikin taragu 500 kake samu, alhali ko ɗaya bai ɓace ba. Dubi mai tuwon tasha: tukunya cike, itace na ci, masu saye sun yi layi, amma in waɗanda suka ci ba su maido kwanuka ba, ba ta da abin zuba wa na baya.

A lokacin yaƙi kaya gefe guda suke kwarara, daga gonaki da masana'antu zuwa bakin teku ko fagen daga. In jirgin ruwan da zai kwashe su bai iso ba, kuma mangaza ta cika, sai a bar kayan cikin tarago. Taragon ya zama mangaza mai ƙafafu. Ya tare layin gefe, na bayansa su tare babban layi, kan jirgin da ya jawo su ya rasa hanyar juyawa, direbansa ya ƙare awoyin aikinsa yana zaune. A irin wannan hali duk taragon da aka ƙaro aka loda, ƙara toshe hanyar yake yi.

A ina aka fi ganin wannan a tarihi?

Amurka a ƙarshen 1917. Ta shiga yaƙin duniya na farko a watan Afrilun shekarar, amma tun kafin nan masana'antunta na aika wa Ingila da Faransa makamai da abinci ta tashoshin gabas, musamman Niyok. Jiragen yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku suna ta nutsar da jiragen dakon kaya, sai kaya suka riƙa isa bakin ruwa fiye da yadda ake kwashe su. Taragu maƙare da kaya suka yi jerin gwano daga bakin teku har cikin ƙasa, yayin da manoman yamma ke neman taragon da za su zuba alkama ba su samu ba.

Abu biyu suka ƙara dagula lamarin. Layukan na kamfanoni ne masu zaman kansu, kowane yana gasa da ɗan'uwansa, ba wanda ke son tura kayan abokin cinikinsa ta layin wani ko da nasa ya toshe, kuma doka ma ta hana su haɗa kai a raba ciniki. Sun kafa kwamitin haɗin gwiwa na yaƙi a Afrilun 1917, amma ba shi da ikon tilasta wa kowa. Na biyu, kowace ma'aikatar gwamnati ta samu ikon manna wa kayanta takardar "a fara wucewa da wannan". Soja ya manna, rundunar ruwa ta manna, masu gina jiragen ruwa suka manna, har aka kai inda a wasu sassan layin Pennsylvania mafi yawan taragu na ɗauke da takardar. Ma'aikatan tasha suka rasa wanda za su gabatar.

Sai sanyin 1917 zuwa 1918 ya zo da tsanani, ƙanƙara ta rufe layuka, kawunan jirgi suka daskare. Jiragen ruwa suka tsaya a Niyok ba su da kwal ɗin tashi, kwal ɗin kuma yana cikin taragun da suka maƙale a bayan kayan da jiragen ruwan ya kamata su ɗauka. A Janairun 1918 shugaban hukumar makamashi, Harry Garfield, ya ba da umarnin rufe yawancin masana'antun gabashin kogin Misisipi na kwana biyar, da kuma ranakun Litinin na makonnin da suka biyo, don dogo ya samu ya numfasa.

To yaya suka fita?

Ranar 26 ga Disamban 1917 shugaba Woodrow Wilson ya sanar gwamnati ta karɓe ragamar layukan, ya ɗora ministan kuɗinsa William McAdoo a kai. Aka mai da su tamkar layi ɗaya: kaya su bi hanya mafi kusa ko ta wane kamfani ce, a yi tarayya a tashoshi da garejin gyara, a soke jiragen fasinja masu maimaita juna. Matakin da ya fi kowane tasiri a ganina shi ne hana loda kayan ƙetare sai an tabbatar akwai mai karɓarsu a bakin teku. Hukumar ta kuma ba da odar kawunan jirgi 1,930 da taragu 100,000, duk a kan 'yan tsirarun samfura iri ɗaya don kayan gyara su yi wa kowane. An maida wa kamfanoni layukansu ranar 1 ga Maris 1920.

Darasin bai tafi a banza ba. A yaƙi na biyu ofishin sufurin tsaro da aka kafa a Disamban 1941 ƙarƙashin Joseph Eastman ya tsaya kai da fata a kan cika tarago maƙil, sauke shi da wuri, da hana kaya tashi sai da gurbinsu a jirgin ruwa. A 1944 layukan Amurka sun ɗauki kaya kusan ninki biyu na 1918, da kawunan jirgi ƙasa da na wancan lokaci.

Me ke cinye kawunan jirgi a yaƙi? Bama-bamai ne?

Bam na ɗaukar nasa, amma gajiya da rashin gyara sun fi shi ɓarna. Kan jirgi mai tururi abu ne mai son hidima. Kafin ya tashi sai an hura wuta awoyi ana jiran tururi ya hau. A hanya akwai mai zuba kwal da shebur, tsaye gaban bakin wuta, yana watsa kwal ɗin ko'ina cikin murhun don kada wani gefe ya mutu, idonsa ɗaya a kan gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunya, domin in ruwa ya yi ƙasa rufin murhu na iya narkewa tukunyar ta fashe. Duk 'yan tashoshi sai an tsaya shan ruwa. In an iso, a kwashe toka, a share bututun hayaƙi, a shafa mai a kowace gaɓa. Lokaci-lokaci sai an kashe wuta gaba ɗaya, a bar tukunya ta huce, a wanke dattin da ruwa ya bari ya daskare a jikin ƙarfe. Bayan 'yan shekaru kuma a kai shi babban gareji a warware shi ɗaiɗai.

Yaƙi ba ya barin ko ɗaya daga cikin wannan ya tafi daidai. Ana ɗage wankin tukunya saboda kaya na jira. Ƙwararrun makanikai an kwashe su soja. Garejin da ke gyaran jirgi an ba shi aikin ƙera harsashi. Tagulla da ƙarfe sun tafi wurin makamai, kwal mai kyau ya tafi wa jiragen ruwa, an bar wa dogo mai yawan toka. A takarda ƙasa na da kawunan jirgi dubu, amma in ka je gareji ka tarar da layi guda na waɗanda aka cire wa sassa don a tayar da 'yan'uwansu.

Inda bam ya yi aiki sosai kuwa, garejin aka nufa. Kafin saukar sojojin ƙawance a Normandi ranar 6 ga Yunin 1944, sun yi watanni suna ragargazar filayen jera taragu da garejin kawunan jirgi na Faransa da Beljiyam, don sun san ƙarfen dogo ana gyara shi cikin kwana ɗaya ko biyu, gareji kuwa sai watanni.

An ce dogo ne ya karya Jamus a Rasha. Gaskiya ne?

Yana cikin manyan dalilai. Faɗin dogon Jamus milimita 1,435 ne, na Tarayyar Sobiyet a lokacin 1,524. Jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. Jamusawa sun sa ran kame kawunan jirgin Sobiyet da yawa a 1941, amma masu ƙasar suka janye mafi yawansu gabas, suka lalata abin da ba su iya ja ba. Dole aka shiga matse dogo kilomita bayan kilomita. Tashoshin ruwa kuma nesa suke da juna, domin kawunan Sobiyet sun fi ɗaukar ruwa. Da hunturun 1941 ya shigo, bututun ruwan kawunan Jamus, waɗanda ke waje ba rufi, suka daskare suka fashe. Rigunan sanyi da harsasai suka maƙale a tashoshin Folan alhali soja na mutuwa a gaban Mosko. Kuma a cikin wannan ƙarancin gwamnatin Hitler ba ta fasa ware jirage tana kai Yahudawa sansanonin kisa ba, abin da bai kamata a yi maganar dogon Jamus a tsallake shi ba.

Ita ma Rasha ta ɗanɗana a yaƙin farko. Kayan da ƙawayenta suka aiko sun yi tsibi a Arkanjel da Biladibostok ba jirgin kwashewa, hatsi na kudu amma Fetrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, ba burodi, kuma daga layin burodin ne boren Fabrairun 1917 ya tashi.

Me ake kira "kan jirgin yaƙi"?

Kan jirgi ne da aka rage wa duk wani ado da ƙarfe mai tsada don a ƙera da yawa cikin sauri. Jamus ta fito da samfuri mai lamba 52 a 1942, ta rufe masa bututu saboda sanyi, ta ƙera fiye da 6,000. Amurka ta ƙera S160 guda 2,120, Ingila ta yi nata masu sauƙin ƙira guda 935. Ta hanyar tallafin yaƙi Amurka ta aika wa Sobiyet kawunan jirgi wajen 1,900, domin masana'antun can sun koma ƙera tankoki. A ƙarshen yaƙi Faransa kaɗai ta yi odar guda 1,340 daga Amurka da Kanada. Ka riƙe wannan adadin, domin shi ke nuna maka inda ƙasashen da ake mulka suke a layin jira.

Yaya dogon Najeriya ya kasance a yaƙin duniya na biyu?

An ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Layi ɗaya ne tal, mai faɗin milimita 1,067, jirgi biyu ba sa giftawa sai a tasha. Da Japan ta kame Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza da man girki daga gabas mai nisa, sai ta juyo kan Afirka ta Yamma. Aka matsa wa Jos ta ƙara kuza, har da aikin tilas da aka kwaso dubban talakawan Arewa aka kai tsaunin tsakanin 1942 da 1944, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Aka matsa wa manoma su ƙara gyaɗa. Kano ta zama zangon jiragen saman yaƙi da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau a tashi da su ta Maiduguri zuwa Khartum da Masar, ga sojojin da ake kwasa zuwa Habasha da ƙasar Burma.

Akwai wani nauyin da mutane ba sa lissafawa: abincin jirgin kansa. Kwal daga Inugu yake fitowa, kuma duk kwal ɗin da za a ƙona tsakanin Kaduna da Kano ko Nguru sai an ɗauko shi a taragun da gyaɗa ke jira. Sabbin kawuna ba sa zuwa yadda ake buƙata, kayan gyara sai sun tsallake tekun da ake nutsar da jirage. Makanikan babban garejin Ebute Metta a Legas da na sauran tashoshi suka riƙa ƙera abin da za su iya da hannu. Tsadar rayuwa ta hau, albashi bai bi ta ba, sai yajin aikin gama-gari ya ɓarke a Yunin 1945, ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu na kan gaba, dogo ya yi shiru fiye da kwana arba'in.

Alhaji ne ke tambaya: dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da ita, ashe alamar matsala ce?

Allah ya ƙara girma, Alhaji, duka biyun ne. Alamar albarkar noma ce da ƙwazon 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, kuma gwanintar 'yan dako ce da ta cancanci yabo. Buhu kan buhu ake jerawa, kowane sahu ya ɗan shige ciki, ɗan dako ya ɗauki buhu a ka ya hau ta kan waɗanda aka riga aka jera kamar matakala har ƙololuwa, dala guda ta ci buhu wajen 15,000, a lulluɓe ta da tamfol kafin damina. Amma gyaɗa ba don a jera ta aka saye ta ba. Dalar da ta kwana biyu tana jiran jirgi daidai ne. Wadda kaka ta zagayo ta tarar da ita, sabuwar gyaɗa ta zo tsohuwa ba ta tafi ba, wannan shaidar gazawar dogo ce.

Haka aka yi a shekarun da suka biyo bayan 1945. Kawunan da yaƙi ya gajiyar suka riƙa mutuwa a hanya, masana'antun Ingila na fama da odar gida da ta wasu ƙasashe, gyaɗa ta taru a Kano shekara na cin shekara, ƙwari suka shiga ciki. A daidai lokacin mutanen Ingila na karɓar man girki da kati saboda ƙaranci, har maganar gyaɗar Kano ta kai zauren majalisarsu. Abin da ke ɓata mini rai duk lokacin da na tuna shi ne, a 1947 gwamnatin Ingila ta zuba miliyoyin fam a shirin noman gyaɗa da manyan injuna a Tanganyika, shirin da ya rushe aka watsar a 1951, alhali ga gyaɗar da talaka ya riga ya noma da hauya tana lalacewa don rashin abin ja.

Mu nan Maradi fa, me ya same mu kai tsaye?

Da farko iyaka ce ta rufe. Bayan faɗuwar Faransa a 1940, Afirka ta Yamma ta Faransa ƙarƙashin gwamna janar Pierre Boisson ta bi gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus, Najeriya kuwa na hannun Ingila, sai maƙwabta suka zama abokan gaba a takarda har zuwa Nuwamban 1942. Hanyar Kano ta toshe a hukumance. Gyaɗa ta rasa mafita, yadi da sukari da kananzir suka yi wuya, mutane suka koma bin hanyoyin daji da dare tsakanin nan da Jibiya da Katsina. Ga aikin tilas da karɓar hatsi da dabbobi, wanda ba a soke shi ba sai da dokar Afrilun 1946. Ga kuma ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta ci tsohon gari aka hau tudu. Shekaru ne masu nauyi a kan iyayenmu.

Da iyaka ta buɗe, sai gyaɗarmu ta je ta shiga layi bayan ta Najeriya, a dogon da ya kasa kwashe tasa. Mai dogo kuwa nasa yake fara ɗauka. Wannan na cikin abin da ya sa Faransawa a farkon shekarun 1950 suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle: motoci su ɗauki gyaɗa daga nan su bi ta Doso da Gaya su tsallaka kogin Kwara zuwa Parakou, inda dogon Dahomey, wato Benin ta yau, ya tsaya tun 1936, jirgi ya ƙarasa da ita kilomita 438 zuwa Kwatano, motocin kuma su dawo da kayan shigowa. Kano ba ta kai kilomita 300 daga nan ba, Parakou kuwa wajen dubu ce. An gina gadar Gaya zuwa Malanville a 1958, aka kafa hukumar haɗin gwiwar dogon Dahomey da Nijar a 1959. Hanyar Kwatano da direbobinmu suka daɗe suna bi, cunkoson Kano na cikin abin da ya haife ta.

Yaƙin basasar Najeriya ma ya taɓa dogo?

Ƙwarai. Tun rikicin 1966 ɗimbin direbobin jirgi da makanikai da ma'aikatan tasha 'yan gabas suka bar Arewa, kuma ba a horar da irinsu cikin wata guda. Da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967, layin gabas zuwa Fatakwal ya yanke, kwal ɗin Inugu ya tsaya, kayan Arewa duka suka koma kan layin Legas guda ɗaya. Kawuna masu amfani da gas, waɗanda aka fara shigowa da su a 1955, su suka rage asara. 'Yan kasuwa da yawa a lokacin suka koma mota, kuma bayan an ajiye makamai a Janairun 1970 ba su dawo ba.

Ni direban tirela ne. In jirgi ya tsaya, ba mu ne mafita ba?

Ku ne, maigida, kuma Maradi da gumin ku ta ginu. Amma akwai iyaka. A 1944, bayan sojojin ƙawance sun ragargaza dogon Faransa da hannunsu, sai suka rasa abin da zai kai wa dakarunsu mai da harsashi. Suka shirya ayarin motoci da aka sani da Red Ball Express daga Agusta zuwa Nuwamba, kusan motoci 6,000 a ganiyarsa, mafi yawan direbobin baƙaƙen fatar Amurka ne, suna tuƙi dare da rana. Sun yi abin a yaba, amma tayoyi da injuna suka riƙa ƙarewa, motocin da kansu na shanye kaso mai yawa na man da suke ɗauka, dakaru suka tsaya cik har sai da aka gyara dogo aka buɗe tashar ruwan Antwerp. Kai ma ka san lissafin: abin da jirgi guda zai ja da direba ɗaya da mataimakinsa, ku sai kun yi ayari, kowa da man sa da tayoyinsa da yaron motarsa da kuɗin shingaye.

Wannan duk tarihi ne, ko har yanzu yana faruwa?

Yana faruwa. Da Rasha ta mamaye Yukren a Fabrairun 2022 tashoshin Baƙin Teku suka rufe, aka juya alkama da masara zuwa dogo ta iyakar Folan da Romaniya. Sai ga tsohuwar matsalar faɗin dogo ta taso: na Yukren 1,520, na maƙwabtan 1,435. Kowane tarago sai an sauke shi an sake lodi ko an canza masa ƙafafu, taragu suka yi makonni a layi, farashin fulawa ya tashi har a gidajen burodin garin nan.

Mu ma mun ga irinsa da idonmu ba tare da dogo ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanville da Jibiya da Ɗan Isa. Direbobi sun ɗaura gidan sauro a ƙarƙashin tirela, suna dafa shayi a gindin taya, albasa na ruɓewa a sama. Duk motar da ke tsaye a nan da kaya a bayanta, mota ce da wani ɗan kasuwa ke nema a wani gari bai samu ba, kuɗin dako kuma ya hau.

To in layin Kano zuwa Maradi ya iso, me ya kamata mu sa wa ido?

Layin kilomita 284 ne, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil ke aikin, kuma faɗinsa 1,435 ne. Tsohon layin Kano zuwa Legas 1,067 ne, na Benin kuma 1,000. Sabon faɗin akwai shi tsakanin Abuja da Kaduna tun 2016, da Legas zuwa Ibadan tun 2021, ana kuma aikin Kaduna zuwa Kano. Har sai an haɗe waɗannan guntaye, kwantenar da ta taso daga tashar ruwan Apapa a Legas sai an sauke ta an sake lodawa a wani wuri, kuma a irin wannan wurin ne cunkoso ke fara kwanciya. Ina son 'yan kasuwarmu da wakilanmu su riƙa tambayar a ina za a yi wannan sauyin, da wane ƙugiya, kuma wa zai biya.

Ina son a tambayi filin sauke kaya na Maradi: layukan gefe nawa ne, mangaza nawa, kuma duwan za ta duba kaya cikin tarago ne ko bayan an sauke. In takardar duwan na ɗaukar mako guda alhali kaya na cikin tarago, mun maimaita Niyok ta 1917 a ƙofar gidanmu. A sa tara mai zafi a kan wanda ya bar kayansa cikin tarago fiye da ƙa'ida, ko shi wane ne, kuma kada a bar kowane ofishi ya riƙa ba kayansa takardar wucewa gaba. A tambayi abin da taragun za su koma da shi kudu, wake ne, aya ce, albasa ko dabbobi ko fatu, domin taragon da ya koma wayam kuɗin zuwansa biyu ne a kan mai kaya.

Sai maganar tsaro, wadda ba mai iya kauce mata a wannan yanki. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da layin har watan Disamba, kuma dajin da ke tsakanin Jibiya da Madarunfa kowa ya san halin da yake ciki.

Nijar ta riga ta ga dogo ba jirgi: kilomita wajen 140 da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai taɓa ɗaukar kayan kasuwa ba. Shi ya sa nake roƙon jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da makarantun koyon sana'a na jihar nan su fara tun yanzu neman gurbin horar da yaranmu gyaran injin gas da lantarkin kan jirgi, da birki, da siginar hanya, a kuma nemi a rubuta cikin yarjejeniyar ƙasashen biyu kawuna nawa da taragu nawa aka ware wa kayan Nijar, da inda za a riƙa gyara su.